Gidan Douglas na Sikotland da daren da sarki ya soki baƙonsa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A wani darasi da ka yi kan sarakunan Turai na da, ka ambata a gurguje cewa wani sarkin Sikotland ya gayyaci babban hakiminsa cin abinci, ya ba shi takardar amana, sannan ya soke shi da wuƙa da hannunsa. Abin ya tsaya mini a rai. Wane gida ne wannan, kuma me ya yi zafi haka? Hakimin ne maci amana ko sarkin?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sarkin da kake nufi James na 2 ne, wanda aka kashe kuwa William Douglas, hakimi na 8 a gidansu, kuma abin ya faru a kagarar Stirling ranar 22 ga Fabrairu 1452. In na fahimce ka, abu biyu kake so: su wane ne Douglas, sannan laifin wa ya fi yawa a wannan dare. Ta biyun ba za ta amsu ba sai mun koma baya kusan shekara 150, domin ƙarfin da ya firgita James na 2 sarakunan da suka gabace shi ne suka ɗora gidan Douglas a kansa da hannunsu, kuma suna da dalilinsu a lokacin.

Abu biyu kafin mu shiga. Sarautar gidan ana kiranta Earl, ni kuwa zan riƙa cewa hakimi, amma ka sa a ranka hakimi ne mai ƙasar gado, mai kotunsa, mai rundunarsa. Na biyu, mutanen gidan nan kusan suna uku suke juyawa: William, James da Archibald. Duk shekarar da na koyar da wannan babi sai na fara zana bishiyar zuriyarsu a allo, in ba haka ba kafin rabin awa ɗalibai sun haɗa kaka da jika sun mai da su mutum ɗaya. Saboda haka ka lura da lambobin.

James Baƙi

Sunan Douglas daga wani rafi ya fito a kudancin yankin Lanark, kuma a harshen Gelik ma'anarsa baƙin ruwa. Tun ƙarshen ƙarni na 12 ake ganin sunan a takardu, amma ƙananan masu ƙasa ne waɗanda ba wanda ya damu da su. Yaƙin neman 'yanci daga Ingila ne ya fito da su. Lokacin da Edward na 1 na Ingila ya mamaye Sikotland a 1296, William Douglas ne ke tsare kagarar Berwick. Daga baya ya shiga tawayen William Wallace, aka kama shi, ya mutu a tsare a Hasumiyar Landan, aka miƙa ƙasarsa ga wani Bature ɗan Ingila, Robert Clifford. Ɗansa James ya tashi ba shi da ko taƙin ƙasa.

Wannan rashi shi ya yanke masa hanya. A 1306 Robert Bruce ya naɗa kansa sarki, kuma a shekarar aka fatattake shi har ya zama ɗan gudun hijira a ƙasarsa. Mai dukiya yakan yi lissafi kafin ya bi irin wannan sarki. James ba shi da abin asara, sai ya bi shi tun daga farko, bai kuma taɓa juya masa baya ba. Irin yaƙinsa na sunƙuru ne: kwanton ɓauna, harin dare, ƙone abin da ba za a iya riƙewa ba. Labarin da ya fi shahara shi ne ranar da ya auka wa sojojin Ingila da ke zaune a kagarar ubansa suna coci, ya karkashe su, ya tara kayan abincinsu da gawarwaki wuri ɗaya ya cinna wa gidan wuta, ya ɓata rijiyar. Gidan gadonsa ne fa ya ƙone, don kada maƙiyi ya amfana da shi. A Fabrairun 1314 ya ƙwace kagarar Roxburgh da dare, a watan Yuni yana fagen Bannockburn, inda ya kori Edward na 2 har Dunbar. A 1327 saura ƙiris ya kama matashin sarki Edward na 3 a cikin tantinsa a Weardale. 'Yan ƙasarsa suka riƙa kiransa James Nagari, mutanen arewacin Ingila kuwa Baƙin Douglas, har ana cewa da sunansa iyaye mata ke tsorata yara. Daga nan babban reshen gidan ya sami laƙabin Baƙaƙen Douglas.

Bruce ya saka masa da ƙasa mai yawa a kan iyaka, ciki har da dajin Selkirk da Jedburgh, kuma a 1324 ya ba shi ikon shari'ar manyan laifuka a yankunansa. Ka riƙe wannan, domin nan ne tushen komai. Sarki ya ɗauki ɗayan aikinsa na sarauta ya damƙa wa mutumin da ya yarda da shi, kuma kyautar ta gado ce. Amincin James ba abin gado ba ne, ikon kuwa ya bi jini.

Bruce ya rasu a watan Yuni 1329 da wani buri da bai cika ba na zuwa yaƙin 'yan Salibiyya. Aka cire zuciyarsa aka sa a ƙaramin akwatin azurfa, James ya rataya a wuya ya kama hanya. Ya tsaya a Sifaniya, ya shiga rundunar Alfonso na 11 na Kastil da ke yaƙar Musulmin daular Garnaɗa, kuma a garin Teba aka kashe shi a watan Agusta 1330. Mu da muka saba karanta tarihin Andalus daga ɓangaren Musulmi, wannan karo ɗaya ne cikin dogon yaƙin da ya ƙare da faɗuwar Garnaɗa a 1492. Ga gidan Douglas kuwa ya zama jari. An mai da zuciyar aka binne a Melrose, su kuma suka sa hoton jar zuciya a tambarinsu, yadda duk wanda ya ga tutarsu zai tuna cewa su ne amintattun sarkin da ya 'yantar da ƙasa.

Lokacin da gadon sarauta ya zama kamar babu kowa

Abin da ya biyo baya shi ne dogon zamani da Sikotland ke da sarki a suna kawai. David na 2, ɗan Bruce, ya hau yana ɗan shekara 5, ya yi gudun hijira a Faransa, sannan ya yi zaman fursuna a Ingila daga 1346 zuwa 1357. Robert na 2 da Robert na 3 sun hau da tsufa da rauni. James na 1 kuma yana hannun Ingila daga 1406 zuwa 1424. A duk wannan lokaci yaƙi bai tsaya ba, kuma sarkin Sikotland ba shi da sojoji na dindindin, ba shi da kuɗin ɗaukarsu. To wa zai tsare kudu? Douglas. Sun biya da jini: a Halidon Hill a 1333 an kashe Archibald ƙanen James, wanda ke riƙon ƙasar, tare da ɗan James ɗin.

Yadda ƙarfinsu yake aiki zai yi maka sauƙin fahimta idan ka tuna da barance. Ƙananan masu ƙasa na kan iyaka suna buƙatar ubangida mai kare su daga harin Ingila, mai tsaya musu a shari'a, mai jagorantar su zuwa hari inda ake samun shanu da fursunonin fansa. Shi kuma yana buƙatar dawakinsu da masunsu. Duk lokacin da Douglas ya ƙwato wani yanki daga hannun Ingila, mutanen wurin shi suka sani, sarki kuwa labarinsa kawai suke ji.

Kada ka ɗauka gidan a haɗe yake. Akwai wani William Douglas na Liddesdale, daga wani reshe, jarumin da ya ƙwato kagarar Edinbura a 1341. Shekara guda bayan haka ya kama Alexander Ramsay, ɗan ƙasarsu kuma abokin gwagwarmaya, saboda kishin muƙamin da sarki ya ba shi, ya kulle shi a kagarar Hermitage har yunwa ta kashe shi. A 1353 shi ma aka kashe shi a dajin Ettrick, kuma wanda ya kashe shi ɗan'uwansa ne, wani William Douglas, wanda shi mamacin ne ya tsaya masa a matsayin uba ranar baftisma. Wannan mai kisan ne ya zama hakimin Douglas na 1 a 1358. Lura da shekarar. Gidan Stewart, wato gidansu James na 2, bai hau gadon sarauta ba sai 1371, kuma kafin nan su ma hakimai ne kamar kowa. Da wuya Douglas ya kalli Stewart da irin kwarjinin da talaka ke kallon sarki. Hasali ma hakimi na 1 ya nuna ƙin yarda da hawan Robert na 2, sarkin farko na gidan Stewart, sai da aka lallashe shi da muƙami da kuma aurar wa ɗansa 'yar sarki.

Wannan ɗan, James hakimi na 2, shi ne ya mutu a Otterburn a watan Agusta 1388, a yaƙin dare da Henry Percy, magajin babban gidan da ke tsare iyaka ta ɓangaren Ingila. Mutanen Douglas suka ci nasara, suka kama Percy, amma shugabansu ya faɗi bai bar magaji na aure ba. Gadon ya rabu biyu, kuma wannan rabuwa ita ce ta dawo ta ci gidan bayan shekara kusan 70. Sarautar da yawancin ƙasar suka tafi ga Archibald mai laƙabin Murtuke, ɗan James Baƙi da aka haifa ba ta hanyar aure ba. Wani George kuma, ɗan hakimi na 1 shi ma ba na aure ba, ya sami sarautar Angus ta wajen uwarsa a 1389. Zuriyarsa ce ake kira Jajayen Douglas, mazauninsu kagarar Tantallon a bakin teku.

Archibald Murtuke ya riga ya mallaki Galloway tun 1369, ya sayi Wigtown, ya auri magajiyar Bothwell. Shi ya gina Threave, bene mai hawa biyar na dutse a kan tsibiri a tsakiyar kogin Dee, wanda sai da kwalekwale ake isa gare shi. Duk wanda ya ga hoton ginin nan ya san mai shi bai gina shi da niyyar neman izinin kowa ba. A 1400 ya sa aka fasa baikon yarima David mai jiran gado da 'yar George Dunbar hakimin March, aka aura masa tasa 'yar. Dunbar ya fusata ya koma Ingila, kuma da shawararsa 'yan bakan Ingila suka ragargaza rundunar Archibald hakimi na 4, ɗan Murtuke, a Homildon a 1402. Hakimin ya rasa ido ɗaya, aka kama shi. Shekara ta gaba ya yi yaƙi a gefen Percy ɗin da ya kama shi, a tawayen Shrewsbury, aka sake kama shi. A 1424 ya kai dubban mayaƙa Faransa don taimakon Charles na 7, aka naɗa shi sarautar Touraine, bayan 'yan watanni aka kashe shi a Verneuil ranar 17 ga Agusta. Mutum ne da ya sha kaye a manyan yaƙe-yaƙensa, amma duba inda gidan ya kai: matarsa 'yar sarkin Sikotland, sarkin Faransa na neman taimakonsa kai tsaye.

Baƙar liyafa

An kashe James na 1 a Perth a 1437, ɗansa James na 2 yana da shekara 6. Archibald hakimi na 5 ya zama mai riƙon ƙasa, amma ya rasu a 1439 ya bar ɗa, William hakimi na 6, ɗan shekara kamar 16. Mutum biyu ke jan yaron sarki a tsakaninsu, William Crichton mai riƙe da kagarar Edinbura da Alexander Livingston mai riƙe da Stirling. A watan Nuwamba 1440 suka gayyaci matashin hakimi da ƙanensa David zuwa Edinbura. Bayan an ci abinci aka kama su, aka yi musu shari'ar jeka-na-yi-ka, aka fille musu kai. Sarki yana ɗan shekara 10.

Za ka ji ana cewa an ajiye kan baƙin bijimi a gabansu alamar mutuwa, sarki kuma yana kuka yana roƙo. Wannan ƙarin ya fito ne a rubuce-rubucen da aka yi bayan abin da kusan ƙarni guda, don haka ina gaya wa ɗalibaina su ɗauke shi a matsayin ado. Abin da nake sa su tambaya shi ne: wa ya amfana? An kashe yaran da sunan cin amanar ƙasa, amma ba a ƙwace sarautar ba kamar yadda aka saba yi wa mai irin wannan laifi. Ta tafi salin alin ga ƙanen kakansu, James mai laƙabin Ƙato, wanda bai ɗaga ko yatsa don ɗaukar fansa ba. Yawancin masana na yau suna ganin da saninsa aka yi, ni ma haka nake gani. Da ɗan gari akan ci gari.

Ƙato ya rasu a 1443, ɗansa William ya zama hakimi na 8. Ya auri Margaret, 'yar'uwar yaran da aka kashe, wadda ta gaji Galloway, sai ƙasar ta sake haɗewa. Kafin 1445 ta ƙare ƙanensa Archibald ya zama hakimin Moray, Hugh ya zama hakimin Ormond, John kuma ya riƙe Balvenie. Uku daga cikin manyan sarautun ƙasar suna ɗaki ɗaya, daga iyakar Ingila har arewa mai nisa. Kuma suna aikin da aka san su da shi: Hugh ne ya karya rundunar Percy a Sark a 1448.

Stirling

A 1449 James na 2 ya auri Mary ta Guelders, ya karɓi mulki a hannunsa, ya rushe gidan Livingston. Matsalarsa kuɗi ce. Ya yi alkawarin ba amaryarsa kuɗin shiga mai yawa, baitulmali kuwa ba ƙarfi. A 1450 William ya tafi Rum ziyarar ibada ta Kirista a shekarar jubili da babbar tawaga, ana karɓarsa a fadoji kamar sarki. Yana can James ya sa hannu a kan Wigtown da Selkirk, ya kai hari kan wasu wurarensa. Da ya dawo a 1451 aka yi sulhu a majalisa, ya miƙa ƙasashensa aka mai da masa. Amma mutumin da aka taɓa wa gida yana tafiya, kuma ya san abin da aka yi wa hakimi na 6 a teburin cin abinci, dole ya nemi majingina. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai ya ƙulla alkawarin taimakon juna da Alexander Lindsay hakimin Crawford da John MacDonald hakimin Ross, sarkin tsibirai.

Sarki ya kira shi Stirling. William ya ƙi zuwa sai da takardar amana mai hatimi, aka ba shi. Ya iso ranar 21 ga Fabrairu, washegari bayan cin abincin dare sarki ya nemi ya warware alkawarin nan. Ya ce ba zai iya ba. Gajeren kundin tarihin da aka rubuta kusa da lokacin ya ce sarki ya kira shi maci amana, ya ce tunda ba zai warware ba shi zai warware, ya soke shi a wuya. Patrick Gray ya sare shi a ka da barandami, sauran fadawa suka rufe shi da sara da suka. An ƙirga rauni 26 a jikinsa. Sarki yana da shekara 21.

Bayan wata guda ƙanensa James, hakimi na 9, ya shigo Stirling da mahaya ɗaruruwa, suka ɗaure takardar amanar a wutsiyar doki suka ja ta cikin gari, suka ƙone garin. A watan Mayu hakimin Huntly ya karya Crawford a Brechin. A watan Yuni majalisa ta wanke sarki, ta ce taurin kan mamacin ne ya jawo masa. Duk da haka sarki bai iya gamawa da su nan take ba, sai ya yi sulhu, har ya goyi bayan sabon hakimin ya auri matar wansa don Galloway ta zauna a gidan.

Shekara uku da suka biyo baya su ne ainihin yaƙin, kuma ba a fagen daga aka yi shi ba. Sarki ya bi barorin Douglas ɗaya bayan ɗaya, wannan a ba shi ƙasa, wancan a ba shi sarauta, wani a tsorata shi. A 1455 da ya fito da igwa ya kewaye Abercorn, babban na hannun daman Douglas, James Hamilton, ya sauya sheƙa. Hakimin ya tsere Ingila. Ranar 1 ga Mayu aka karya ƙannensa a Arkinholm: aka kashe Moray, aka kama Ormond aka zartar masa da hukuncin kisa, Balvenie ya tsere. Waɗanda suka yaƙe su a ranar gidajen kan iyaka ne irin su Scott da Johnstone da Maxwell, mutanen da kakanninsu suka yi hawa a bayan tutar jar zuciya. Threave ta miƙa wuya a daminar shekarar, majalisa ta ƙwace komai.

To, laifin wa?

A kan daren kansa ba ni da shakka. Sarki ya ba da amana a rubuce, baƙo ya shigo a kan wannan amana, ya ci abincinsa, aka kashe shi ba shari'a. Ko a ma'aunin mutanen zamanin wannan abin kunya ne, shi ya sa aka tara majalisa ta wanke shi, aka kuma aika wa sarkin Faransa bayani. Wanda ya yi daidai ba ya buƙatar wannan wahala. Ban yarda cewa shiryayye ba ne, domin mai shiri ba zai bar 'yan'uwa huɗu a waje da makamansu ba, ba zai kuma ɓata hatiminsa a banza ba. Na fi ganin fushin matashi ne da aka ce wa a'a a gaban fadawansa. Akwai masanan da ke ganin akasin haka, kuma hujjarsu ita ce yadda fadawan suka yi caa a kansa kamar masu jira.

A kan William kuwa a nan hujja take ƙarewa. Takardar alkawarinsa da Crawford da Ross ba ta iso gare mu ba, kuma kusan duk abin da aka rubuta bayan 1455 an rubuta shi a ƙarƙashin waɗanda suka ci nasara. Irin wannan alkawari abu ne da manyan Sikotland suka saba yi don kashe rigima ko kare kai. Babu shaidar cewa William ya nemi gadon sarauta. Amma ka tsaya a inda sarki yake: mutum uku da suka riƙe kudu da gabas da arewa sun yi rantsuwa a tsakaninsu, kuma ɗayansu ya dube shi ya ce rantsuwar nan ta fi umarninsa. Uban sarkin nan manyan ƙasa ne suka kashe shi. Tsoronsa na gaske ne ko da hanyarsa ta ɓaci.

Abin da na fi so ka ɗauka shi ne dalilin da ya sa gidan ya faɗi cikin 'yan watanni bayan ya yi shekara 150 yana hawa. A lokacin an riga an ƙwato kusan duk kudancin ƙasar, Ingila ta sha kaye a Faransa ta kuma shiga rikicin cikin gida. Ƙaramin mai ƙasa a kan iyaka ya daina buƙatar inuwar Douglas kamar yadda kakansa ya buƙace ta, kuma ga sarki baligi mai iya ba shi abin da Douglas ke bayarwa har da ƙari. Ga kuma jinin 1440, wanda ya sa wasu tsofaffin barorin gidan ba su taɓa sakin jiki da 'ya'yan Ƙato ba.

Hakimi na 9 ya yi kusan shekara 30 yana cin albashin Ingila. A 1484 ya dawo da 'yan mahaya kaɗan, aka kama shi a Lochmaben, James na 3 ya tura shi gidan ibada na Lindores, can ya ƙare. James na 2 kuwa bai daɗe ba: a watan Agusta 1460 wata igwarsa ta fashe ta kashe shi yana kewaye da Roxburgh, kagarar da James Baƙi ya taɓa ƙwato wa Bruce daga hannun Ingila.

A gefensa a ranar, har ya ji rauni, akwai George hakimin Angus na 4, shugaban Jajayen Douglas, wanda ya tsaya da sarki a kan danginsa aka kuma saka masa da asalin ƙasar Douglas. Jajayen ba su fi Baƙaƙen sauƙin kai ba. Hakimin Angus na 5 yana cikin waɗanda suka rataye na kusa da James na 3 a gadar Lauder a 1482, kuma 'ya'yansa biyu sun mutu a yaƙin Flodden da Ingila a 1513. Na 6 ya auri Margaret Tudor, uwar James na 5, ya gwabza da gidan Hamilton a titin Edinbura a 1520, ya riƙe yaron sarki kamar fursuna har ya kuɓuce masa a 1528. James na 5 bai yafe ba: a 1537 ya sa aka ƙone 'yar'uwar hakimin, Janet ta Glamis, da ranta a Edinbura bisa zargin shirya masa guba. Wani Douglas ɗin, James hakimin Morton, ya riƙi ƙasar daga 1572 zuwa 1578, aka fille masa kai a 1581. Amma auren nan da Margaret Tudor ya haifi Margaret Douglas, ita ta haifi Darnley, shi kuma ya haifi James na 6, wanda ya haɗa sarautar Sikotland da Ingila a 1603. Ta wannan hanya sarakunan Birtaniya na yau suna ɗauke da jinin Douglas, kuma sunan bai ɓace a siyasa ba: Alec Douglas-Home, wanda gidansu ya gaji ƙasar Douglas ta wajen mace, shi ne Firaministan Birtaniya daga 1963 zuwa 1964, zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa.